Kiwon Gansakuka

Na yi kiwon awaki, na yi na tumaki, na taɓa riƙe shanun huɗa guda biyu har suka tsufa a hannuna. Amma sai da na haura shekara saba'in aka ba ni kiwon gansakuka, kuma shi kaɗai ne kiwon da aka ce na ɓata don abin kiwon ya samu lafiya. Na amsa laifina a gaban shaidu biyu. Fahimtarsa ce dai har yau ban gama ba.

Jikata ce ta jawo mini. Ɗiyar babbar ɗiyata ce, uwarta na aure a Tsafe, ita kuma tana karatun digiri na biyu a Gusau, tana zaune a Tudun Wada gidan ƙanen ubanta. Ni ina ce mata Likita, ita tana ce mini Tsoho, kuma kowa a cikinmu yana ganin shi ne ya fi cin riba. Wata ranar bazara ina kishingiɗe a zaure sai ga ta a ƙofar gidana nan Furfuri, da 'yan kabu-kabu biyu da ta ɗauko daga Bungudu. Ɗaya ya ɗauro bahon roba guda tara a jere cikin juna, ɗaya ya ɗauro naɗin baƙar raga da jarkoki uku cike da koren ruwa.

Na ce, "Likita, aure za ki yi da kinka kwaso kayan ɗaki?"

Ta ce, "Sai na samu wanda ya fi ka haƙora, Tsoho. Filin bayan gidanka nake so."

Na leƙa jarka ɗaya, na sansana. Gansakuka ce, irin wadda tsohuwata, wato uwargidana, take kankarewa daga gindin randa tana tsaki. Jikata ta ce wannan daga wani tafki a gindin dutsen Tsafe aka ɗebo irinta, aka rene ta a makarantarsu. In aka iya noma ta da yawa, za a yi abincin kifi da na kaji da ita. Abin da ba a sani ba shi ne yawan ranar da take iya ɗauka, kuma shi za ta auna.

Na ce, "To rana maganinta ce ko cutarta?"

Ta ce, "Duka biyun. Da rana take ci, rana kuma in ta yi yawa ita ke wahalshe ta."

Na gyaɗa kai kamar na gane. A nan ya kamata in faɗi matsayina a fagen ilimi, don kada a raina ni. Na yi firamare har aji huɗu, kuma na yi shekaru ina malamin sikeli a kasuwar auduga lokacin da audugar ke auduga. Mutumin da ya yi wannan ba ya cewa jikarsa bai gane ba, musamman jikar da ya taɓa gani tana cin ƙasa.

Ta jera bahunan gida uku. Uku ta shafa musu jan fenti a baki, ta bar su a filin Allah, rana na dukansu tun fitowarta har faɗuwarta. Uku masu shuɗin fenti ta kafa musu 'yar rumfa ta raga falle ɗaya. Uku masu farin fenti rumfarsu falle biyu ce, sun zauna a inuwa kamar masu sarauta. Rumfunan ba su da nauyi, sanduna huɗu ne kowace, mutum biyu na iya ɗagawa.

Sai kuma na'urar awon. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai rediyon aljihu ba. Ana ɗebo ruwan baho a 'yar kwalba, a jefa cikinta, a rufe marfi, a jira minti sha biyar, sannan a danna, lamba ta fito. In lambar ta hau, gansakuka na cikin jin daɗi. In ta sauka, tana shan wuya. Na tambaye ta dalilin rufe marfin. Ta ce dole sai an sa ta a duhu ta huta kafin a gane yadda haske ya yi mata. Na juya maganar a raina. A saninmu in kana son ganin yadda rana ta yi wa mutum, a ranar kake dubansa. Amma na tuna ko alƙali ba ya sauraron mai ƙara yana haki, sai ya zauna ya sha ruwa. Na ce mata haka ne, ni ma abin da na zata ke nan.

Abu ɗaya ta faɗa da Hausa tsantsa, kuma shi na riƙe. Tana bukatar kwana goma sha huɗu a jere na rana mai ƙarfi, kullum a yi awo da safe da tsakar rana da yamma. In damina ta sauka gajimare ya rufe sama kafin ta gama, sai ta jira wata bazarar. Shekara guda ke nan, 'yan ajinsu su fita su bar ta.

Kwana biyar ta yi tana awonta, ina zaune gefe a kan turmi ina ba ta shawarar da ba ta nema ba. Rana ta shida aka bugo waya daga Tsafe, yayarta ta haihu, haihuwar kuma ta zo da gardama, ana bukatar mai zama da ita. Ta tsaya tsakar gida da waya a hannu, ta dubi bahuna, ta dube ni.

"Tsoho, ka iya rubuta lamba?"

"Ni kika tambaya? Tun ba a haifi uwarki ba nake rubuta lamba."

Ta nuna mini komai sau uku. Ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ina cewa to. Da za ta hau kabu-kabu ta ce, "Na bar maka amana." Wannan kalma ita ce ta kashe mu duka, ko da yake ba ta yi laifi ba, abin da kowa zai faɗa ta faɗa.

Ranar farko na yi yadda aka ce. Da safe lambobin duk suna kusa da juna. Da rana ta take, na farin baho suna nan daram, na shuɗi sun ɗan rage, na jan baho kuwa sun zube ƙasa warwas. Na sa yatsa a ruwan jan bahon, ya yi zafin da za a iya wa jariri wanka. Korensa ma ya koɗe, ya koma kamar miyar kukar da aka cika wa ruwa. Da yamma na buga mata waya na karanta lambobin. Da na zo kan na jan baho na rage murya, kamar yadda ake yi in za a faɗi rasuwa.

Ta ce, "To madalla. Haka nake so."

Na ajiye waya na ce wa tsohuwata, wadda duk gidan ke kira Inna, "Yarinyar ga ta yi hankali. Dukiyarta na lalacewa a hannuna amma ta ce madalla don kada in ji kunya."

Inna ta ce, "Ni dai a ba ni soso da toka, kafin ka yi alwala na raba su da wahalar duniya."

Na kwana biyu ina kallon abin nan. Mu a wurinmu in mutum zai yi tafiya ya bar maka akuya, ba ya ce maka ka ba ta ruwa, ba ya ce ka ɗaure ta a inuwa. Ya san ka sani. In ya dawo ya tarar ana ƙirga haƙarƙarinta, ba zai yi magana ba, amma har ka mutu ba zai sake bar maka ko kaza ba. Ga shi an ba ni na'ura da ke faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa abin da aka bar mini yana shan azaba, sau uku a rana, ni kuma aikina in rubuta in koma zaure? Ko shanun huɗa in hantsi ya dubi ludayi ana kwance musu karkiya. Sai na yanke cewa yarinya ce, ragar ce ba ta ishe ta ba, ta rufe shida ta bar uku, kunya ta hana ta faɗa.

Sayen wata raga ba zai yiwu ba, ban san inda ake sai da ita ba. Ƙwace ta masu farin baho gaba ɗaya kuma zalunci ne, su ma ba su yi laifin komai ba. Sai na tsara abin bisa adalci. Kullum in inuwar katanga ta janye ta kai wani dutse da ke gindinta, ni da Inna mu ɗaga rumfa mai falle biyu mu ɗora wa jajaye. Gobe mu ɗora musu mai falle ɗaya, masu fari su huta. Wanda aka ɗauke wa rumfa ya ɗanɗana rana shi ma, ya san yadda talaka ke ji. In an yi la'asar mu mayar da kowa gidansa. Inna tana riƙe sanda tana cewa ita a duniya ba ta taɓa zaton za ta yi wa gansakuka hidima ba, amma tana riƙewa.

Allah cikin ikonsa, lambobin jan baho suka fara hawa. Korensu ya dawo. Kwana uku da farawa, duk bahuna taran suka zama kusan ɗaya, kamar 'ya'yan mutum guda. Da na karanta mata a waya sai ta tsayar da ni.

"Tsoho, sake karanta na ja."

Na sake.

"Ka tabbata ka rufe marfin minti sha biyar?"

"Da agogon wayata."

"Ka motsa ruwan kafin ka ɗiba?"

"Na motsa."

"Ba ka haɗa kwalaben ba?"

"Likita, na auna audugar ƙauye goma ban haɗa buhun wani da na wani ba."

Ta tambaye ni komai ban da rumfa. Ni kuma ban faɗa ba, don alherin da ka yi wa na ƙasa da kai ba a shelarsa. Kullum muryarta sai ƙara haske take. Ta ce abin mamaki ne, da alama irin na Tsafe yana sabawa da rana cikin 'yan kwanaki, abin da ba ta taɓa karantawa a ko'ina ba. Ta ce ta gaya wa malamarta, malamar ma ta ce sai ta zo ta gani da idonta. Na ce ai mutanen Tsafe dama haka suke, ba su jin rana. Na ajiye waya ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka.

Rana ta goma sha uku, washegarin sunan jaririn yayarta, ita da malamarta suka iso da hantsi. Malamar dattijuwa ce, Kirista, mutuniyar Filato, ta daɗe a Gusau har Hausarta ta fara karkata irin tamu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mini Baba, ta gaida Inna, aka kawo mata fura ta sha ba ta yi fulako ba. Nan take na ga mace ce mai ilimi. Suka zagaya bayan gida, kowace rumfa na wurinta don lokaci bai yi ba. Malamar ta duba littafina, ta yaba rubutuna, ta ce bakwai ɗina irin na mutanen dā ne. Ta ce wa jikata in wannan ya tabbata, to ba ƙaramin abu ta gano ba. Jikata tana murmushi tana murza gefen mayafinta.

Ana cikin haka na waiga, na ga inuwar katanga ta kai dutse. Na miƙe na ƙwala kira, "Inna, lokaci ya yi, ki kama can!" Ta fito tana share hannu a zani, muka ɗaga rumfar farare, muka taka a hankali muka ɗora wa jajaye. Na gyara sanda ɗaya da ta karkace. Da na juyo, su biyun suna kallona, babu mai ƙiftawa.

Jikata ta ce, "Tsoho, mi kake yi?"

Na ce, "Yau ranarsu ce ta mai falle biyu."

"Ranar su wa?"

"Jajaye mana. Jiya mai falle ɗaya sunka samu."

Malamar ta ce a hankali, "Baba, tun yaushe ake wannan?"

Na ƙirga da yatsu na faɗa mata. Na ƙara da cewa ba sai an gode mini ba, jikata ce. Na fara bayanin yadda na raba kwanakin don kada wani baho ya ce an fifita wani, sai na lura jikata ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da kayanta na fita. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na fi sanin abin yi.

Ta ce, "Wahalar nake aunawa, Tsoho. Wahalar ita ce aikin. Dole su sha rana in ga iyakarsu."

Na ce, "To in kin ga iyakarsu sai mi?"

"Sai in san yawan inuwar da za a ba su."

"Ai ga ta na ba su."

Malamar ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce ko wani abin. Da ta juyo ta ce ƙila a iya cin moriyar lambobin in na san daidai ƙarfe nawa nake ɗaga rumfa kullum. Na nuna mata dutsen. Ta dubi dutsen, ta dubi katanga, ta tambaya ko kullum a nan dutsen yake. Inna ta ce a'a, wani lokaci tana ɗauka ta danne kwandon kaji da shi, amma tana mayarwa kusa da wurin. Malamar ta rufe littafin. Ta dafa kafaɗar jikata ta ce gara da aka gani a nan bayan gida, da a ce a gaban manyan malamai aka gani. Ta ce a zubar, a ɗauko sabon iri daga Gusau, a fara daga ɗaya.

Na ce na yi laifi, a yafe mini. Na faɗa da gaske, don na ga fuskar yarinyar. Amma a zuciyata ina ta neman inda laifin yake, kamar mai neman allura a rairayi. An ba ni abu yana ciwo, na mayar da shi yana lafiya.

Kwana biyu bayan nan, kafin ma sabon irin ya iso, hadari ya haɗo daga gabas aka sheƙa ruwa. Gari ya ɗauki murna, washegari kowa ya fita da sungumi, ni ma na shuka gerona. Jikata ta yini a ɗakin Inna, ko Tsoho ba ta ce mini ba, sai Kaka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun tana firamare. Wannan Kakan ya fi mini zagi ciwo.

Sai kuma sama ta washe. Rana ta dawo da ƙarfinta kamar ta yi mantuwa. Sabon iri ya iso, jikata ta cika bahunanta ta fara sabon lissafi, ta ɗaure ƙafafun rumfuna da igiya a jikin turaku, ɗauri irin na jakin da aka san halinsa. Ni aka ba ni aikin korar awaki, aka ce kada in matso kusa da taku biyar.

Kwana ɗaya, biyu, biyar, takwas, babu ko ɗigon gajimare. Da safe in je gona in tarar gerona ya fito kamar allurai, ganyensa ya naɗe, ƙasa ta yi fari. In dawo gida in tarar da jikata tana duban sama tana cewa Allah Ya ƙara mana shida irin wannan. In na ga gero sai in ce Allah Ka kawo ruwa. In na ga yarinya sai in haɗiye. Na zama mutum mai baki ɗaya da addu'a biyu, kuma kowace na yi sai in ji kamar na ci amanar ɗayar.

Rana ta tara liman ya sa aka yi shela, gobe da hantsi kowa ya fito filin idi roƙon ruwa. Ban taɓa fashin roƙon ruwa ba tun ina yaro. Na sa tsohuwar riga kamar yadda aka saba, na ɗauki buzuna. A ƙofar gida na tarar da ita da kwalabe a hannu.

Ta ce, "Za ka tahi?"

Na ce, "Gari duk za shi."

Ta ce, "Ka roƙa, Kaka. Geron mutane ya fi takardata."

Da ta ce kada in je, da na san yadda zan yi da ita, in yi mata faɗa in wuce. Wannan kuwa ya ɗaure ni tamau. A filin idi liman yana addu'a, jama'a na amin da ƙarfi, tsofaffi na hawaye, ni hannuna a sama bakina a rufe. Maƙwabcina da ke gefena ya zungure ni ya ce, "Malam, barci kake?" Na ce a'a, lissafi nake. Daga ƙarshe abin da na iya faɗa a raina shi ne, Ya Allah, Ka ga gero, Ka ga yarinya, Ka kuma ga wanda ya haɗa wannan rikici. Ni awon auduga na iya. Wannan awon naKa ne.

Ranar ba a yi ruwa ba. Washegari ma ba a yi ba, aka sake fita. Rana ta goma sha biyu, ta gama awon tsakar rana ke nan tana rubutawa, iska ta juyo da ƙamshin ƙasa. Kafin la'asar ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Bahuna suka cika suka tumbatsa, koren ruwa ya bi ta tsakar gida ya fita ta rariya. Ta tsaya a bakin zaure da littafin a cikin leda, ta rungume shi a ƙirji, ta buga wa malamarta waya. Na matso ina saurare, amma Turanci suke yi, ga ƙarar ruwa a kan kwano. Sun daɗe. Ina kallon fuskarta ban karanta komai ba.

Da ta kashe wayar na ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce sha biyu ba sha huɗu ba ne. Amma tun rana ta tara lambobin sunka tsaya wuri ɗaya, don haka za ta karɓa, in dai na rubuta gaskiyar cewa ruwa ne ya yanke."

"Ke nan ba sai wata bazarar ba?"

"Ba sai wata bazarar ba."

Na ce alhamdu lillahi. Sannan na tambaye ta abin da ke cina, ko jajayen sun sha wuya yadda ake bukata.

Ta ce, "Sun sha ƙwarai. Har sun kusa mutuwa." Ta faɗa tana dariya, idonta cike da hawaye.

Na buɗe baki in ce Allah Ya kyauta, na ga kamar bai dace ba. Na so in ce madalla, shi ma ya ƙi fita. Sai na ce mata ta matsa daga ƙofa tana jiƙa mini tabarma, na shiga neman ragowar irin gero, don ko ba a faɗa ba rabin shukar farko ta tafi, da safe sai an cike gurabe.